Kwanukan Yaya Kaltume

Duk unguwar da ke bayan kasuwar Kazaure an san Martina, matar Julius malamin gona, da hali guda: kwano ba ya shiga gidanta ya fita wayam. Aika mata ɗan tuwo, kwanonka zai dawo da shinkafa. Aika mata fura, ya dawo da cincin har yana ture murfi. Ita mutuniyar kudancin Zariya ce, aikin mijinta ne ya kawo su ƙasar Kazaure, kuma a nan ta tarar da al'adar mayar da kwano da ɗan wani abu a ciki. Matan garin suna yi ne in da hali, in babu su wanke kwano su mayar da godiya, ba wanda zai ce uffan. Martina kuwa ta ɗauki abin ta mai da shi dole, har ta fi masu abin iyawa.

Gidan haya suke zaune, na Malam Hussaini, wani tsohon ma'aikacin En'e, kuma katanga ɗaya ce ta raba su da gidansa. Ruwan wata damina ya zaftare kan katangar ta wajen madafi. Malam Hussaini ya yi ta cewa zai kira magini, matarsa Kaltume tana cewa a bari tukuna, har maganar ta bi ruwa. Ta wannan gurbi kwanuka suke ƙetarawa, ta nan kuma matan biyu suke hira kowace tana tsaye a gaban murhunta. Kaltume ta girmi Martina nesa ba kusa ba, don haka Martina take ce mata Yaya. Ita kuma tana kiranta Maman Helen, da sunan 'yarsu tilo da ke makarantar kwana a Kano.

Halin nan na Martina bai tsaya a kan maƙwabta ba, har coci ta kai shi. 'Yar majami'arsu tana bakin gari, rufin kwano da bencina, masu zuwa kuwa 'yan sanda ne da malaman asibiti da masu sayar da kayan gyaran mota da iyalansu. Martina ce mai shara, ita ce mai wanke ƙyallen tebur, ita ce uwar Zumuntar Mata, ita ce kuma take tsayawa a bakin ƙofa tana kallon masu makara da gefen ido. Fasto daga Kano yake zuwa, shi ma sai an ga dama, don haka yawancin Lahadi Julius ne yake yin wa'azi, tun da shi ne dattijon ikilisiya.

Shi kuwa Julius wa'azi ɗaya gare shi, riga kawai yake sauya masa. Ko daga ina ya taso, sai ya sauka a kan barata ta wurin bangaskiya. Wato Allah ba ya karɓar mutum a matsayin mai adalci don yawan aikinsa, sai don ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, wanda ya ɗauke masa zunubi a kan gicciye. Kyauta ce, in ji shi, ba lada ba, aikin kirki kuma daga baya yake biyowa, don godiya. Martina ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin. A zuciyarta dai ta ɗauka wannan koyarwa an tanade ta ne saboda malalata, don kada su yanke ƙauna. Ita kam tana da niyyar zuwa gaban Ubangiji da ɗan abin da za ta nuna.

A shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya rasa inda zai sa kansa, Julius ya sayi babur sabo fil. Ya ce don aiki ne, saboda zagayen gonakin Roni da Gwiwa, amma kowa ya ga yadda yake goge shi safe da yamma. Wata Asabar cikin damina Martina ta ce ya kai ta Roni. Wata malamar asibiti 'yar cocinsu da aka mayar can ta aiko mata da gyaɗa a kwano, kwanon kuma har ya kwana biyu yana hana ta sukuni. Ta dafa shinkafa da miyar kaza, ta zauna a bayan babur a karkace, ta rungume kwanon da hannu biyu. Julius ya ce ta riƙe shi da hannu ɗaya, ta ce shi ba zai zube ba, miya ce za ta zube.

Sun kusa shiga Roni, wajen duwatsun nan, wata akuya ta ga babu lokacin da ya dace ta ƙetare hanya sai wannan. Julius ya taka birki a kan taɓo, babur ya yi gabas, su suka yi yamma. Da mutane suka taru suka tarar da Martina a kwance ta ɗaga kwano sama da hannun hagu, ko ɗigon miya bai zuba ba. Hannun dama kuwa ya karye a ƙasan gwiwa. Aka kai ta wurin wani mai ɗori a cikin gari, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da tsinken itace da tsumma, ya ce kada ta ɗauki ko ludayi sai bayan ƙaramar Sallah. A lokacin ko azumi ba a kama ba. Tana kuka tana tambaya ko an miƙa wa malamar asibiti kwanonta.

Tun ranar da suka dawo Kaltume ta ɗauke musu girki. Ba ta yi shawara da kowa ba. Da safe sai ta ɗora kwanon koko da ƙosai a gurbin katanga, ta ƙwanƙwasa da ludayi, ta koma ciki don Julius ya zo ya ɗauka. Da yamma tuwo, yau miyar kuka, gobe kuɓewa, jibi taushe. Martina ta ci na farko tana sa albarka. Da Julius ya wanke kwanon zai mayar kan katanga sai ta daka masa tsawa, ta ce ina zai kai shi haka ba komai a ciki. Ya ce ai Yaya Kaltume ta san halin da ake ciki. Ta ce sanin Yaya Kaltume daban, mutuncinta ita daban, ya ajiye kwanon a ƙarƙashin gado zuwa gobe, za ta san abin yi.

Goben ta zo da wani kwanon, shi ma ya bi ɗan'uwansa ƙarƙashin gado.

Ba wai Martina ta zauna ba ne ta naɗe hannun da ya rage. Da farko ta sa Julius ya yi girki tana ba shi umarni daga kan tabarma. Mutumin da yake koya wa manoman Gwiwa yadda ake zuba takin zamani ya tsaya gaban tukunya yana gumi, ya tuƙa wani abu da shi kansa ya kasa ba shi suna. Rabi gudaji, rabi ƙauri. Martina ta duba ta ce in aka kai wa Yaya Kaltume wannan za ta ɗauka faɗa ake nema. Julius ya ce to bari ya sayo biredi ko lemo a kasuwa a sa a ciki. Ta ce abin kasuwa ba ya rama abin da aka tsaya aka dafa da hannu, wannan ai raini ne. Daga nan ta gwada suyar cincin da hannun hagu, ta kifar da kaskon mai, saura kaɗan ta ƙona ƙafa. Julius ya ce mata ashe gaskiyar Hausawa ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba ta yi masa magana ba har washegari.

Aka kama azumi, Kaltume ba ta fasa ba, sai ma abin ya ƙaru, don yanzu har da kunun tsamiya na buɗa-baki. Abin da ya sauya shi ne mazubin. Langa-langan da take aikowa da su suka ƙare, sai aka koma kwanon sha. Kwanon sha ya ƙare, sai ga samira masu fure, irin waɗanda ake jerawa a ɗaki don ado ba don miya ba. Bayan su sai ƙwarya da faifai a kai. Ƙarƙashin gadon Martina ya cika, aka koma bayan ƙofa, har in Julius ya tashi neman takalminsa sai ɗakin ya ɗauki ƙara kamar rumfar masu sayar da kwano ranar kasuwa.

Ita Kaltume kawaici ba zai bar ta ta ce a ba ta kayanta ba. Ina za ta iya buɗe baki ta tambayi mara lafiya kwano? Ita kuma Martina kunya ta hana ta zuwa kusa da katanga. Da Kaltume ta yafa mayafi ta shigo dubiya da magariba, Martina ta sa Julius ya ja zanen gado har ƙasa ya rufe kayan, aka gaisa a tsaitsaye. Da Kaltume ta sake zuwa kuwa, Martina cewa ta yi a ce tana barci. Abin yana cin ta ƙwarai, don tana son matar nan har cikin ranta, kuma ta san kullum nisa suke ƙara yi. Amma duk lokacin da ta kalli tulin kwanukan sai ta ji ba za ta iya haɗa ido da ita ba sai ta cika su tukuna.

Wata yamma abinci ya ƙetaro a cikin akushi baƙi mai sheƙi, wanda ya sha hannu. Washegari Julius zai fita aiki ya tarar da Malam Hussaini a dakalin ƙofar gida. Suka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya yi addu'ar Allah ya ƙara sauƙi. Sannan ya gyara zama ya ce shi kam bana ya gano wani abu da bai sani ba duk tsawon rayuwarsa, ashe tuwo ya fi daɗi a murfin tukunya. Ya faɗa yana murmushi yana jan carbinsa. Julius ya hau babur kunya kamar ta kashe shi, don ya gane akushin maigidan ne yake kwance a bayan ƙofarsu.

Wannan ne ya tunzura shi ya yi abin da mai hankali ba ya yi wa matarsa. Ranar Lahadi ya hau wa'azi, ya taso daga inda ya saba, ya sauka inda ya saba, sai kuma ya ce bari ya ba da misali. Wai akwai wata mata a wani gari mai nisa, wadda maƙwabciyarta take ciyar da ita don ba ta da lafiya, ita kuwa ta tara kwanukan ta ƙi mayarwa don ba ta da abin sawa a ciki. Bai kai ƙarshen zancen ba duk cocin ya waiwaya. Ga Martina a bencin gaba, hannu rataye a wuya. Wani kofur ɗan sanda ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa.

Julius ya ga ya riga ya shiga ruwa, sai ya ci gaba da iyo. Ya ce haka da yawansu suke yi wa Allah. Ya ba su gafara kyauta, su kuwa suna ɓuya a ɗaki suna jira sai sun tara abin da za su biya shi. "Me za ka zuba wa wanda ya yi sama da ƙasa?" in ji shi. "Bangaskiya ba abin da ka kawo ba ce. Hannun da ka miƙa ka karɓa ne." Jama'a suka ce amin. A ranar dai ba a ji muryar Martina ba.

Ta bari sai da suka shiga gida ya jingine babur. Sannan ta wanke shi tas, ta ce ya rasa wanda zai yi wa'azi da shi duk faɗin duniya sai matarsa, kuma in garin mai nisa ne me ya sa kowa ya san hanyarsa. Julius ya amsa laifinsa, ya ba ta haƙuri, ya ce amma Malam Hussaini a murfin tukunya yake cin tuwo. Can sai ta zauna a bakin gado, ƙafarta ta taɓa wata samira ta yi ƙara, hawaye ya zubo mata.

"Baban Helen, kai ba ka san abin da ake ji ba," in ji ta. "A gidan kawuna na tashi. Lomar da na kai baki, sai matarsa ta goranta mini ita kafin in haɗiye. Tun ina yarinya na yi alkawari ba zan ƙara cin abin da ba zan iya ramawa ba. Ko addu'a na durƙusa yi, sai na fara lissafa wa Ubangiji abin da na yi masa a makon, sannan nake iya roƙo. Yanzu ba na shara, ba na girki, ba na komai. Da wane ido zan dube shi?"

Duk shekarun da suka yi tare Julius bai taɓa jin wannan ba, kuma ya ji kunyar wa'azinsa. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana. "Maman Helen, Allah ba matar kawunki ba ne. Yaya Kaltume ma ba ita ba ce." Ta share ido da gefen zane, ta ce ta ji, amma kwanukan dai su ƙara kwana biyu.

Sallah ta matso, saura 'yan kwanaki. Wata la'asar Martina tana zaune a inuwar katanga, inda ba a hango ta daga gurbin, sai ta ji muryar Rahamatu, wata maƙwabciyarsu ta can gefe, a tsakar gidan Kaltume. Aron kwanuka Kaltume ta aika a yi mata, na rabon tuwon Sallah, Rahamatu kuwa ta kawo da kanta don ta ji dalili. Ta tambaya ina kayanta suka shiga, ita da duk unguwa ake aro a wurinta. Kaltume ta ce suna wurin ajiya. Rahamatu ba ta da birki a baki, ta ce ta san wurin ajiyar, kuma wa ya sani ma ko zubarwa ake yi, tun da mutanen nan ba kowane abincin Hausawa suke ci ba, kunya ce kawai ta hana su faɗa.

Martina ta kasa kunne don ta ji ko za a ƙaryata. Kaltume ba ta ƙaryata ba. Sai ma ta ce da wata murya da Martina ba ta san ta da ita ba: "Ni ma abin ya dame ni, Rahamatu. Ta daina zuwa katanga, na je an ce tana barci. Ko wani abu na yi mata ban sani ba? Allah ya sa dai tana ci, don ƙashi ba ya haɗuwa da yunwa."

Nan jikin Martina ya yi sanyi. Duk tsawon wannan lokaci tana can tana tsaron mutuncinta, ashe matar da take dafa mata abinci da bakin azumi tana nan tana tuhumar kanta. Ba ta jira Julius ya dawo ba. Ta jawo babban daron wanki da ƙafa, ta dinga zaro kwanuka da hannun hagu tana jerawa a ciki, langa a cikin langa, samira a kan samira, ƙore a gefe, akushin Malam Hussaini a can sama. Ta kira wata mai tallan nono da ke wucewa ta taya ta ɗorawa a ka. Ba ta bi ta katanga ba. Ta ƙofar gida ta fita, a kan idon duk wanda ke zaune a waje, ta shiga zauren Malam Hussaini kayan suna kacau-kacau a kanta. Shi kuwa yana dakali, ya bi akushinsa da kallo, ya ce lale marhabin da mutanen nesa.

Rahamatu ta riga ta tafi. Kaltume tana durƙushe gaban murhu tana dama kunu, ta ɗago ta ga daro yana shigowa da mutum a ƙarƙashinsa. Ta tashi da sauri ta taya ta saukewa, tana faɗan wa ya ce ta ɗauki kaya da hannu a ɗaure. Martina ta tsaya kanta a ƙasa. Duk jawabin da ta shirya a hanya ya gudu.

"Yaya, ga kayanki," in ji ta. "Babu komai a ciki. Ban da abin da zan sa."

Kaltume ta tsuguna ta ɗaga murfin langa ɗaya ta leƙa, ta ɗaga na biyu, ta ɗaga na samira. Ta ɗago ta dube ta.

"Kin ci?"

"Na ci, Yaya. Duka. Har suɗe kwanon taushe na yi."

Kaltume ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi, sai kuma dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki. Ta ce ashe wannan ne ya hana ta ganin Maman Helen, ya kuma sa Malam cin tuwo a murfi. Ta ce ita don Allah ta yi, kuma ko da an cika mata kwanukan nan da naman kaji ba za su yi mata daɗin da suka yi mata yau ba, da ta buɗe ta ga an cinye. "Baƙo ake yi wa ramuwar kwano," in ji ta. "Ni na ɗauka kin daɗe da zama 'yar gida."

Martina ta fashe da kuka a tsakar gidan mutane, babba da ita, uwar Zumuntar Mata guda. Kaltume ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta zaro kwanon sha ɗaya daga cikin daron, ta ɗauraye, ta cika shi da kunu mai zafi, ta rufe, ta ɗora mata a tafin hannun hagu.

Tsohon hali ba ya mutuwa rana ɗaya. Martina ta ji nauyin kwanon a hannunta, bakinta ya buɗe da kansa. "Yaya, in Allah ya yarda, da zarar an kwance mini hannun nan, zan..."

"In ramawa za ki yi, ajiye mini kununa," in ji Kaltume.

Martina ta rufe baki. Ta tsaya riƙe da kwanon, ɗuminsa yana ratsa tafinta, tana lalube a ranta ko akwai wani abin da za ta ɗora a kai, ko alkawari, ko uzuri. Ba ta sami komai ba, kuma ta ga ba wanda yake jiran ta samu. Shekara da shekaru tana cewa amin a kan wannan magana a coci, ba ta taɓa jin daɗinta a jikinta ba sai yau.

"Na gode, Yaya," in ji ta.

Kaltume ta ce ba komai, ta koma kan kununta, ta ce ta sha da zafinsa kafin ya huce.